Da Ɗan Gari Kan Ci Gari: Rikicin Mosko da Tver a Ƙarƙashin Mongol

A watan Nuwamban 1318, a wani sansani da ke gindin duwatsun Kaukasus, gawar wani sarki tana yashe a ƙasa tsirara. Mikhail ne, sarkin birnin Tver, wanda har kwanan baya shi ne babba a kan dukkan sarakunan arewa maso gabashin Rasha. Mutum biyu suka zo suka tsaya a kanta. Ɗaya Kavgadi, bafaden Uzbek Khan, sarkin Mongol da sarakunan Rasha ke ƙarƙashinsa. Ɗayan kuwa Yuri, sarkin Mosko, wanda mahaifinsa da mamacin 'ya'yan wa da ƙane ne. Marubutan Tver sun ce Kavgadi ne, baƙo, wanda hannunsa ke dumu-dumu cikin kisan, ya juya ya yi wa Yuri faɗa: wannan ai babbanka ne, matsayin uba yake gare ka, don me za ka bar shi haka? Sai a lokacin Yuri ya sa aka yafa wa gawar mayafi.

Duk wanda yake son ya gane yadda ƙaramin gari irin Mosko ya zama uban ƙasar Rasha, to ya fara daga kan wannan gawar.

Shekara tamanin kafin wannan rana, a ƙarshen 1237, rundunar Mongol ta Batu, jikan Jengis Khan, ta faɗa wa ƙasar Rus, wato tsohuwar Rasha. Ryazan ta faɗi, Vladimir ta bi baya a 1238, Kiev kuma a 1240. Waɗannan su ne mutanen da littattafan tarihin Musulunci ke kira Tatar, kuma ɗan baffan Batu ne, Hulaku, ya rusa Bagadaza a 1258. Batu bai zauna a dazuzzukan Rasha ba. Mutanensa makiyaya ne, dawakinsu fili suke so, don haka ya kafa birninsa Sarai a bakin kogin Volga, ya bar sarakunan gargajiya a kan gadajensu. Abu uku ya nema a wurinsu: haraji, mayaƙa idan an buƙata, da kuma cewa kowane sarki ya tako da ƙafarsa ya zo ya yi caffa ya karɓi takardar naɗi. Sunan takardar nan yarlik. Fadar Khan kuwa Rashawa suna ce mata Orda, kuma "tafiya Orda" ta zama kalmar da matan sarakuna ke jin tsoro, domin ba kowa ke dawowa ba. Mikhail na Chernigov ya tafi a 1246, ya ƙi yin al'adar sujada da aka nema, aka kashe shi. Yaroslav, babban sarkin Vladimir, a shekarar nan shi ma ya mutu a can ƙasar Mongoliya, ana zargin guba aka ba shi.

Mongol ba su ne suka koya wa sarakunan Rus 'yan ubanci ba. Sun tarar da shi. Gida ɗaya ne ke sarautar duk biranen, kuma tsarin gadonsu ya ce sarauta tana sauka daga wa zuwa ƙane, sai ƙanne sun ƙare sannan ta koma kan 'ya'yan babban wa. Akwai kuma wata ƙa'ida mai zafi: wanda ubansa bai taɓa hawa gado ba, shi ma ba zai hau ba, haka 'ya'yansa. Irin wannan tsari kullum yana haɗa baffa da ɗan wansa faɗa, kuma sun daɗe suna ƙone wa juna garuruwa tun kafin a ji sunan Batu. Abin da zuwan Mongol ya ƙara shi ne alƙali daga waje, mai runduna, wanda ake iya saye da azurfa, ake kuma iya kai masa sara. A da idan ka kayar da ɗan'uwanka a fagen fama magana ta ƙare. Yanzu kuwa wanda aka kayar sai ya hau doki ya nufi Sarai, ya dawo da takarda a hannu da mahayan Tatar a bayansa.

Alexander Nevsky, wanda Rashawa ke yabo saboda ya kori Suwidawa a 1240 da mayaƙan Jamus a 1242, shi ne ya fara nuna hanyar zama da Khan. Ya hau gadon Vladimir, wato sarautar babban sarki da ke kan sauran, a 1252 bayan rundunar Tatar ta fatattaki ƙanensa Andrei. Da mutanen Novgorod suka ƙi yarda a ƙirga su domin haraji, shi da kansa ya raka masu ƙidayar ya tilasta su a 1259. Har yau ana gardama a kansa. Wasu na cewa durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, ya ga ba shi da ƙarfin ja ya ceci abin da zai iya ceta. Wasu na cewa da takobin baƙo ya danne nasa. Ni ina ganin duka biyun gaskiya ne, kuma abin da ya biyo bayansa shi ya nuna tsadar hanyar. 'Ya'yansa biyu, Dmitri da Andrei, suka kwashe shekaru suna kokawa a kan gadon, kowa da nasa uban gidan a cikin Orda: ɗaya yana bayan Nogai, wani jigon Mongol mai ƙarfi, ɗayan yana bayan Khan na Sarai. A 1293 Andrei ya jawo runduna ta wawashe garuruwa goma sha huɗu, har da Vladimir, birnin da ake rigimar dominsa.

Me ke cikin sarautar Vladimir da har mutum zai ƙone ta don ya same ta? Ba birnin ba ne, domin masu riƙe da sarautar sun daina ma zama a cikinsa, kowa yana garinsu. Kuɗi ne. Da farko jami'an Khan da ake kira baskak da 'yan kwangilar haraji ne ke bi gari-gari suna karɓa, amma jama'a sun sha yi musu bore, kamar yadda aka yi a Rostov da Suzdal da Yaroslavl a 1262. Sannu a hankali aikin tara harajin ya koma hannun sarakuna, mafi tsoka kuma hannun babban sarki. Shi ke yanka wa kowa nasa, shi ke kai wa Khan, abin da ya maƙale a tsakani kuwa nasa ne. Sannan babban sarki shi ne galibi sarkin Novgorod, kuma a Novgorod azurfa take. Fataken birnin suna tattaro fatun kurege da na sauran namun dajin arewa, su sayar wa fataken Jamus da ke zuwa ta tekun Baltik, a biya su da azurfa. Wanda ya riƙe Novgorod zai iya biyan Khan a kan kari, ya yi wa matan Khan da fadawansa gaisuwa, ya sake sayen takardarsa. Wanda ya rasa ta sai ya ci bashi a kasuwar Sarai.

To a nan ne Mosko ta shigo, kuma ta shigo ne ba ta da haƙƙi. Daniil, autan Nevsky, shi aka ba Mosko tun yana yaro, gari ne da ba wanda ya damu da shi. Ya yi ƙoƙari ya faɗaɗa ƙasarsa, ya ƙwace Kolomna, ya gaji Pereslavl. Amma ya mutu a 1303, shekara guda kafin wansa Andrei, babban sarki, ya rasu. Da ya ƙara shekara ɗaya da rai da ya hau gadon, 'ya'yansa su shiga layi. Da bai hau ba, al'ada ta rufe wa zuriyarsa ƙofa har abada. Mai haƙƙi a 1304 shi ne Mikhail na Tver, kowa ya san haka, Khan Tokhta ma shi ya ba takardar.

Wannan rashin haƙƙi shi ne mabuɗin duk labarin. Gidan Tver yana da al'ada a bayansa, yana da birni mai arziki a bakin Volga, yana jin kansa. Gidan Mosko ba shi da hujjar da zai kafa gaban 'yan'uwansa, don haka ƙofa ɗaya ta rage masa, ita ce yardar Khan. Mutumin da duk abin da yake da shi daga hannunka ya fito ya fi wanda ke cewa "gadon ubana ne" daɗin sha'ani a wurin mai mulki.

Tokhta ya mutu, Uzbek ya hau a 1313. Shi ne Khan ɗin da ya tabbatar da Musulunci a matsayin addinin daular, kuma shi ne wanda Ibn Baɗuɗa ya ziyarci fadarsa a farkon shekarun 1330, matafiyin nan da daga baya ya ratsa Takedda a ƙasar Nijar ta yau. Yuri na Mosko ya je Orda ya daɗe, ya yi ta hidima da rabon kyauta, har Uzbek ya aura masa 'yar'uwarsa Konchaka, ya kuma ba shi takardar Vladimir a 1317. Ya dawo da amarya, da Kavgadi, da mayaƙa. Mikhail ya sakar masa sarautar. Yuri bai tsaya nan ba, ya shiga ƙasar Tver yana ƙone ƙauyuka. A Disamban 1317, a wani wuri da ake kira Bortenevo, Mikhail ya tare shi ya yi masa kaca-kaca. Yuri ya tsere Novgorod, ya bar matarsa a hannun abokan gaba.

Nasarar nan ita ta kashe Mikhail. Konchaka ta mutu a tsare a Tver, Yuri ya garzaya wurin Khan ya ce guba aka ba ta. Aka kira Mikhail. Gaba kura, baya sayaki: ɗansa Konstantin yana can Orda a matsayin jingina, idan ya ƙi zuwa runduna za ta zo ta share Tver, idan ya je ya san abin da ke jiransa. Fadawansa da 'ya'yansa suka roƙe shi ya zauna. Ya ce shi ake nema, idan ya ɓuya mutanensa ne za su biya. Ya tafi. Aka tuhume shi da riƙe haraji, da yaƙar jakadan Khan, da kisan gimbiya, kuma Kavgadi, wanda ke cikin masu ƙararsa, yana cikin masu yi masa shari'a. Aka ɗaura masa wani ƙaton katako a wuya, ya yi makonni yana bin ayarin Khan da shi. Ranar 22 ga Nuwamba aka shiga tantinsa aka kashe shi.

Abin da ya biyo baya kamar sarƙa yake. Yuri ya karɓi harajin Tver, maimakon ya miƙa wa Khan sai ya wuce da shi Novgorod. Dmitri, ɗan Mikhail, wanda ake wa laƙabi da Mai Mugun Kallo, ya kai wannan labari Sarai, ya karɓe takardar a 1322. A 1325 su biyun suka yi kiciɓis a Orda, ana gobe ranar da uban Dmitri zai cika shekara bakwai da kisa. Dmitri ya zare takobi ya kashe Yuri nan take. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Uzbek ya yi watanni yana nazari, sannan ya sa aka kashe Dmitri a 1326 saboda ya yanke hukunci a fadar da ba tasa ba.

Sai dai a lura da wanda ya ba takardar bayan nan: Alexander, ƙanen Dmitri, wato dai gidan Tver. Wannan ya sa ban yarda da masu cewa Uzbek ya zaɓi Mosko tun farko ba. Abin da yake so shi ne azurfa ta iso a kan lokaci, kuma kada wani gida ya yi ƙarfin da zai ɗaga kai. Idan Tver ta yi nauyi ya ɗora dutse a ɓangaren Mosko, idan Mosko ta yi wasa da kuɗinsa ya mayar da dutsen.

Ma'aunin ya karye ne a 1327, kuma ba sarki ne ya karya shi ba. Uzbek ya aiko da ɗan'uwansa Cholkhan Tver da tawaga mai yawa. Ya kori Alexander daga fadarsa ya tare a ciki, mutanensa suka shiga ƙwace da cin zarafi a gari. Jama'a suka yi ta kai kuka, Alexander yana ba su haƙuri, domin ya ga abin da ya sami ubansa da wansa. Da safiyar 15 ga Agusta, ranar wani bikin coci da gari ya cika da mutane, wani ƙaramin ma'aikacin coci mai suna Dudko ya ja goɗiyarsa mai ƙiba zai kai ta Volga ta sha ruwa. Tatar suka gan ta suka kama. Ya ƙwalla ihu yana kiran mutanen Tver kada su bari. Aka kaure da dambe, aka zare makamai, aka buga ƙararrawa. Kafin rana ta faɗi an karkashe Tatar ɗin da ke birnin, Cholkhan da ya ɓuya a cikin fada aka cinna mata wuta da shi a ciki.

Ivan, ƙanen Yuri, shi ne sarkin Mosko a lokacin. Bai ɓata lokaci ba ya nufi Orda. Ya dawo cikin hunturu tare da rundunar da marubutan zamanin suka ce ta kai mutum 50,000, ga kuma sarkin Suzdal a gefensa. Suka ƙone Tver da Kashin da Torzhok, suka kwashi mutane bayi. Alexander ya gudu Pskov. Da mutanen Pskov suka ƙi miƙa shi, Ivan bai kai musu hari ba. Shugaban cocin Rasha ne ya la'ance su, ya yanke su daga coci, har Alexander ya ga ba zai jawo musu wannan ba ya wuce Lituwaniya.

Yadda coci ta zama makami a hannun Mosko ma kuskuren Tver ne. Mongol sun yafe wa coci haraji tun 1267, don haka tana da dukiya da murya da babu sarkin da ke da irinta, kuma shugabanta ɗaya ne ga duk ƙasar Rus. Lokacin da aka naɗa Pyotr a kan wannan kujera, Mikhail na Tver yana da nasa ɗan takarar, kuma mutanensa sun nemi a tsige Pyotr bisa zargin sayar da muƙamai. Gidan Mosko ya tsaya masa. Pyotr bai manta ba. Ya ƙare rayuwarsa a Mosko, a can aka binne shi a 1326, magajinsa kuma ya bi sawunsa.

Ivan shi ne ake wa laƙabi da Kalita, wato lalitar kuɗi da ake ratayawa a ɗamara. Wasu sun ce saboda sadakar da yake ciro wa mabarata ne, wasu sun ce saboda tarawa. Ko bayan 1327 Uzbek bai sakar masa komai ba, ya raba sarautar biyu tsakaninsa da sarkin Suzdal, sai da wancan ya mutu a 1331 Ivan ya haɗa duka. Ya yi ta zirga-zirga zuwa Sarai, ba ya zuwa hannu rabbana. Marubutan Mosko sun yabe shi da cewa daga zamaninsa ƙasa ta samu shekara arba'in na kwanciyar hankali, Tatar suka daina kawo hari. Gaskiya ne hare-haren sun lafa, kuma ga manomin da ya saba gudu daji da 'ya'yansa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma a tambayi mutanen Rostov yadda aka sayi zaman lafiyar. Jami'an Ivan sun shiga garin neman bashin haraji, suka tatse masu hali da marasa hali, suka rataye babban dattijon garin ƙafa sama kai ƙasa. Iyalai da dama suka bar garin, ciki har da iyayen yaron da daga baya ya zama Sergius na Radonezh, waliyyin da Rashawa suka fi girmamawa. Bulalar tana nan, hannun da ke riƙe da ita ne ya zama na gida.

Alexander ya gaji da zaman gudun hijira. A 1337 ya je gaban Uzbek ya miƙa wuya, Khan ya yafe masa ya mayar masa da Tver. Ivan ya sake hawa doki zuwa Orda. A 1339 aka kira Alexander, aka kashe shi tare da ɗansa Fyodor, kuma marubutan zamanin sun ɗora alhakin a kan makircin Ivan. Uba, 'ya'ya biyu, da jika, mutum huɗu daga gida ɗaya cikin shekara ashirin da ɗaya. Ivan ya aika aka sauko da ƙararrawar babban cocin Tver aka kai ta Mosko.

Daga 1359 Orda kanta ta faɗa irin cutar da take ci da ita. Khan ya kashe Khan, takardu suka yi yawa, wani sarkin yaƙi mai suna Mamai yana naɗa nasa yana rabon yarlik. Jikan Ivan, Dmitri na Mosko, ya gaji ubansa yana ɗan shekara tara, fadawa da shugaban coci Aleksi suka riƙe masa gida, suka kewaye fadar Mosko da ganuwar dutse a 1367. Wani Mikhail ɗin, ɗan Alexander da aka kashe, ya tashi neman haƙƙin gidansu. Ya jawo mijin 'yar'uwarsa Algirdas, sarkin Lituwaniya, har ƙofar Mosko, ganuwar ta hana su shiga. Ya sayo takarda a wurin Mamai a 1371. Amsar da Dmitri ya ba jakadan da ya rako takardar ta nuna zamani ya juya: ba zan zo sauraron yarlik ba, ba zan bar Mikhail ya shiga Vladimir ba, kai kuwa jakada hanya a buɗe take gare ka. Ya gayyaci jakadan Mosko ya cika shi da kyauta, sannan ya je Orda da kansa ya sayi tasa takardar. A can ya tarar da ɗan Mikhail a tsare saboda bashin da uban ya ci, ya biya rubul 10,000 ya tafi da yaron Mosko ya riƙe shi har aka fanshe shi. A 1375 ya tara sarakuna suka yi wa Tver ƙawanya, Mikhail ya sa hannu a yarjejeniya cewa shi ƙane ne ga sarkin Mosko.

Dmitri ya karya Mamai a filin Kulikovo a 1380, kuma Tver ba ta aiko da runduna ba. Bayan shekara biyu sabon Khan, Tokhtamish, ya zo. Oleg na Ryazan ya nuna masa mashigin kogin Oka. 'Ya'yan sarkin Suzdal biyu, 'yan'uwan matar Dmitri, su suka tsaya a gindin ganuwa suka rantse wa mutanen Mosko cewa ba abin da zai same su idan sun buɗe ƙofa. Aka buɗe, aka yi musu yankan rago, aka ƙone birnin. Toka ba ta huce ba Mikhail na Tver ya kama hanyar Orda neman takarda. Tokhtamish ya duba wanda zai iya tara masa azurfa, ya bar ta a hannun Dmitri, ya riƙe ɗansa Vasili jingina. Da Dmitri zai mutu a 1389, sai ya rubuta sarautar Vladimir cikin wasiyyarsa ya bar wa Vasili a matsayin gadon gida, abin da babu wani sarkin Mosko da ya taɓa yi kafinsa.

Tver ta ƙara kusan shekara ɗari tana da nata sarki da nata kuɗin da take bugawa. A 1480 Ivan na Uku, sarkin Mosko, ya tsaya wa Khan Ahmad a bakin kogin Ugra har Khan ya juya, kuma a wannan karon akwai mayaƙan Tver a cikin rundunar Mosko. Bayan shekara biyar, a Satumban 1485, Ivan ɗin ya kewaye Tver. Fadawan birnin suka dinga sulalewa suna komawa wurinsa. Sarkinta na ƙarshe, shi ma Mikhail sunansa, ya fita da dare ya gudu Lituwaniya. Ivan ya ba da birnin ga babban ɗansa, wanda mahaifiyarsa 'yar gidan sarautar Tver ce, 'yar'uwar sarkin da ya gudu.